Madubin USB mai tambarin "1000x": abin da yake nunawa a jikin ƙwaron damina da jajayen ƙwarin fiffiken fara

Duk wanda ya tashi a karkara ya san damina, jan ƙwaron nan mai laushin karammiski da ke fitowa kan rairayi washegarin ruwan shuka, yana tafiya a hankali ba ya tsoron kaza balle tsuntsu. Waɗanda suka lura da ɗan'uwansa kuwa kaɗan ne. In aka kama fara a tsakiyar damina aka buɗe fiffikenta na ciki, wani lokaci akan tarar da jajayen ɗigo-ɗigo manne a jijiyoyin fiffiken, kamar an barbaɗa garin barkono. Waɗannan ɗigon halittu ne masu rai, kuma danginsu ɗaya da ƙwaron damina.

Malaman gona, malaman kimiyya na sakandare da ɗaliban ilimin ƙwari sukan nemi abin da za su duba irin waɗannan halittu da shi ba sai sun je ɗakin gwaji ba. Abin da ya fi saurin faɗowa hannunsu shi ne ɗan madubin nan mai siffar tocila da ake jona wa kwamfuta ko waya, wanda ake rubuta "1000x" ko "1600x" a kwalinsa, wai yana ƙara girman abu sau 1000 ko 1600. Kamfanoni barkatai ne ke sayar da shi da sunaye daban-daban, amma ƙirarsa kusan ɗaya ce, kuma yana cikin madubai mafiya araha a kasuwa. Hukuncinmu a kansa shi ne: kayan aiki ne na gaske wajen kallon halitta da ranta, ƙirga ta da ajiye hotonta, amma lambar da ke kan kwalin ba gaskiya ba ce, kuma ba zai taɓa gaya maka sunan nau'in ƙwaron da ke gabanka ba.

Abin da ke cikin kwali

Jikin madubin bai wuce tsawon tafin hannu ba. A bakinsa akwai zoben roba garai-garai, a cikinsa ƙananan fitilun LED guda 8 sun kewaye idon gilashin. A tsakiyar jiki akwai faffaɗan zobe da ake murzawa don daidaita gani. A kan igiyarsa akwai ɗan abin murzawa na ƙara haske ko rage shi, a jikinsa kuma maɓallin ɗaukar hoto. Yawanci akan haɗo shi da 'yar ƙafa ta ƙarfe mai gwiwa, da ɗan kati mai zanen ma'auni, wani lokaci da kan OTG na jona wa wayar Android. Akwai murfin roba a bakin, shi ma garai-garai. Da yawa sukan manta ba su cire shi ba, su yi ta ƙorafin hoto ya yi hazo.

A kwamfuta ba ya buƙatar wata manhaja ta musamman, domin kwamfuta tana ɗaukarsa ne a matsayin kyamarar intanet, manhajar Camera ta Windows ma ta wadatar. A waya kuwa sai wadda ke karɓar OTG, sannan a sauke manhajar kyamarar USB. Ba kowace Android ce ke karɓa ba, don haka a gwada a wurin mai shago kafin a biya kuɗi.

Gwajin rula

Ranar da madubin ya zo hannu, kafin a sa kowane ƙwaro a ƙarƙashinsa, a ɗauko rula mai zanen milimita. A kifa bakin madubin a kanta a murza zoben daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Za a ga cewa in bakin na manne da rular, wuri biyu kaɗai hoton ke fitowa tas: ɗaya na ƙaramin girma, ɗaya na babba. Tsakaninsu duk dishi-dishi ne. A kowanne a ƙirga milimita nawa suka cika faɗin allo.

Lissafin mai sauƙi ne. A ce a saitin farko an ga milimita 8, allon kwamfutar kuma faɗinsa santimita 30 ne, wato milimita 300. An ƙara girma sau 37 da ɗoriya ke nan. A ce a saiti na biyu an ga milimita 2: sau 150. Wannan hoton dai in aka buɗe shi a fuskar waya mai faɗin santimita 7, girman ya koma sau 35. Ashe ƙarin girman nan ya dogara ne ga faɗin allon da ake kallo, kuma kafin milimita 2 su kai sau 1000 sai an haska su a allo mai faɗin mita 2. Ko an yi hakan ba wani sabon abu da zai bayyana, ɗigon hoton, wato ƙananan ɗigo-ɗigon da kyamara ke haɗa hoto da su, ne kawai za su kumbura.

Ɗigon hoton su ne ainihin iyakar madubin. Da yawa daga cikin masu arahar nan hotonsu na asali ɗigo 640 ne a faɗi, 480 a tsaye, ko da an rubuta wata babbar lamba a kwali, manhaja ce ke miƙe hoton ya kai can. In ɗigo 640 suka rufe milimita 2, kowane ɗigo ya ɗauki kusan maikiron 3, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A riƙe wannan lamba, za a dawo kanta.

Halittar da ake son gani

Ko da yake bakinmu ya saba ce masa ƙwaro, ƙwaron damina ya fi kusa da kaska da gizo-gizo a kan fara ko tururuwa: ƙafafunsa 8 ne, ba shi da fiffike, ba shi da ƙahon shinshina. Manyan nan da ake gani a ƙasashenmu na jinsin Dinothrombium ne, wanda wani masani, Oudemans, ya sa wa suna a 1910, kuma suna cikin mafiya girma a duk danginsu, wasu sukan zarce santimita guda. Shahararren nau'insu na Afirka shi ne Dinothrombium tinctorium, wanda masanin halittu Linnaeus ya bayyana tun 1767; kalmar ta biyu a sunan daga rini aka samo ta. Kusan duk shekara yana cikin rami a ƙarƙashin ƙasa. Ruwa ne ke fito da shi na ɗan lokaci, ya yi barbara, ya ci abinci, ya koma. Fitowarsa takan zo daidai da tashin shinge, kuma gara na cikin babban abincinsa. Jan launin nan gargaɗi ne, don ɗanɗanonsa ba ya yi wa masu cin ƙwari daɗi.

Jajayen ɗigon fiffiken fara kuwa, sau da yawa 'ya'yan wani jinsi ne daban mai suna Eutrombidium, wanda wani masani, Verdun, ya bayyana a 1909, daga gidan Microtrombidiidae. Jinsi ne da ya ƙware a kan fara da gyare da danginsu. Kuskure ne a ga ɗigon a yanke cewa 'ya'yan babban ƙwaron damina ne, ko da yake akwai nau'in Dinothrombium da aka tabbatar 'ya'yansa na hawa fara, kamar Dinothrombium pandorae na hamadar Kalifoniya.

Rayuwarsu duka tsari ɗaya take bi, kuma mai son amfani da madubin nan sai ya san shi. Uwa takan zuba ƙwai a cikin ƙasa mai laima. Bayan wani mataki na kwanciya a cikin ɓawon ƙwai, sai ɗa ya fito da ƙafafu 6 kacal, tsawonsa wajen rubu'in milimita. Wannan ne kaɗai matakin da yake rayuwa a jikin wani. Yakan nemi fara ya hau, ya zaɓi inda fata ke da taushi, gindin fiffike ko jijiyar fiffiken ciki ko tsakanin gaɓoɓi, ya huda ya kafa baki. Nan zai zauna mako ɗaya zuwa biyu yana tsotsar ruwan jikinta har ya kumbura ya ninka girmansa sau da yawa, ya koma kamar 'yar jar jaka. Sai ya saki, ya faɗo, ya shige ƙasa ya sandare ba motsi. Daga wannan kwanciya yake fitowa da ƙafafu 8, ya zama mafarauci. Ya sake wata kwanciyar, sannan ya fito baligi. Matakai uku na motsi, kowanne da kwanciya a gabansa.

Abin da ya sa manomi zai damu da Eutrombidium shi ne yana cin fara ta fuska biyu: ƙaraminsa na tsotsar jikinta, babbansa kuma na bin cikin ƙasa yana shanye ƙwanta. An daɗe da nazarin haka a filayen kiwo na Amurka a kan Eutrombidium locustarum. Wani jinsin, Allothrombium, 'ya'yansa darɓa suke hawa, manyansa kuma su cinye ta. Waɗannan ba sa kama mutum ko dabba. Masu cizon mutane na wani gida ne daban, Trombiculidae, inda ake samun Leptotrombidium mai yaɗa wani zazzaɓi a ƙasashen Asiya.

Babban ƙwaro a ƙarƙashin madubi

A nan madubin yake burgewa. Da yake babban ƙwaron damina ya fi faɗin abin da saitin farko ke ɗauka, sai an ɗaga madubin sama kamar santimita 3 zuwa 5 an sake murza zoben kafin ya shiga allo gaba ɗayansa. Da an matso kuma, abin da ido ke gani kamar karammiski sai ya tashi ya zama dajin gashi, cunkus, kowane sili da 'yan rassansa kamar gashin tsuntsu. Ana ganin lotsa-lotsan bayansa, ana ganin farata biyu a ƙarshen kowace ƙafa, ana ganin hannuwan baki guda biyu masu ƙugiya da yake riƙe gara da su. Ƙafafun gaba yana ɗaga su yana taɓa ƙasa da su kamar makaho da sandarsa, da su yake gane hanya. Ɗalibin da ya ga wannan a allo sau ɗaya ba zai sake ƙirga masa ƙafa shida ba.

Matsala ta farko launi ce. Kyamarar madubin ita ke daidaita haske da kanta, kuma ja mai tsanani yana rikita ta. In aka ɗora ƙwaron a kan farar takarda aka ƙure fitilu, sai ya fito kamar ɗigon jan fenti, ba gashi ba lotsawa. In aka ɗora shi a baƙin abu, kyamarar ta ƙara haske don ta ga baƙin, jan ya ƙone ya koma ruwan lemo. Maganin abu uku ne. A sa shimfiɗa mai ruwan toka, ko rairayin da aka ɗauko shi a kai. A rage fitilun zuwa ƙasa da rabi. Mafi kyau duka, a kashe su gaba ɗaya a haska tocilar waya daga gefe, a sa farar takarda guda tsakanin tocilar da ƙwaron don hasken ya yi laushi. Hasken gefe ne ke fito da inuwar gashi. Fitilun madubin daga sama suke dukan abu kai tsaye, suna shafe inuwa.

Matsala ta biyu motsi. Ƙwaron ba ya sauri, amma a ƙarƙashin madubi taku biyu ya fice daga allo, kuma hoton yakan ja wutsiya in abu na tafiya. A sa shi a ƙaramar kwalba a firij na minti 5 zuwa 10, ban da wurin ƙanƙara. Inda babu wuta, a ɗora farantin da yake ciki a kan ledar ruwa mai sanyi, a shimfiɗa ƙyalle tsakani don kada raɓa ta jiƙa shi, don in gashin ya jiƙe yakan kwanta ya manne, hoton ya lalace. Zai lafa na 'yan mintuna, ya farfaɗo lafiya. Kada a ɗauke shi da matsefata, jikinsa taushi gare shi, yakan fashe. Burushin zane mai laushi ko gefen takarda ya isa.

Ƙananan da ke jikin fara

Wannan ne aikin da ya fi dacewa a sayi madubin dominsa. A kama fara da sassafe kafin rana ta ɗumama ta, a sa kowace a ledarta ko kwalbarta daban. Dalilin rabawar shi ne in an tara su wuri ɗaya, ƙananan da suka ƙoshi za su faɗo a hanya, ba za a san daga jikin wace suka fito ba, ƙirgar ta ɓaci. A sanyaya farar kamar yadda aka faɗa, a riƙe ta ta ƙirji, a ɗaga fiffiken sama mai kauri, a buɗe na ciki kamar mafici a danne gefensa da ɗan gilashi. A fara dubawa daga gindin fiffike, a bi manyan jijiyoyi, sannan ƙarƙashin garkuwar wuya, sannan gaɓoɓin ƙafafun baya.

A saitin ƙaramin girma ake ƙirga, kuma a nan madubin ya fi gilashin hannu nesa ba kusa ba, domin hoto ɗaya ya isa a zauna daga baya a ƙirga a natse, a kuma nuna wa wani ya tabbatar. Ana iya raba waɗanda suka hau kwanan nan, ƙanana masu kaifin siffa, da waɗanda suka kumbura suna shirin sauka. Wannan bambanci yana gaya wa malamin gona ko hawan yanzu ya fara ko ya kusa ƙarewa a wannan fili.

A saitin babban girma ana iya ƙirga ƙafafu 6, a ga inda baki ya nutse, a kuma yi rabon farko mai muhimmanci. Ba Eutrombidium kaɗai ke hawa fara ba. Akwai 'ya'yan gidan Erythraeidae, irin su Charletonia da Leptus, su ma jajaye ne. Waɗannan dogayen ƙafafu gare su sirara, suna bazuwa nesa da jiki. Na Eutrombidium gajeru ne, in ya ƙoshi ma da kyar ake hango su a gaban kumburarren jikin, kuma a bayansa ta gaba akwai garkuwa biyu a jere, babba da ƙarama, da akan hango ƙyallinsu in hasken gefe ya faɗa daidai. Iyakar abin da za a iya rantsewa a kai ke nan.

Ga dalili. Ɗan da tsawonsa rubu'in milimita ne, a lissafin da muka yi ɗazu, ɗigo 80 kawai zai ci a hoton. Masana kuwa da gashi suke rarrabe nau'i: silin gashi nawa ne a kowace gaɓar ƙafa, ina ya tsiro, tsawonsa maikiron nawa, mai rassa ne ko sumul. Alamar Eutrombidium da aka fi dogara da ita wasu gajerun gashi ne masu kauri, masu baki biyu, a gindin ƙafafu ta ƙasan ciki. Kaurin yawancin gashin jikinsa bai kai ɗigo guda na wannan kyamara ba. Abin da bai cika ɗigo ɗaya ba kuwa babu manhajar da za ta fito da shi. Bitar da R. V. Southcott na Ostareliya ya yi wa 'ya'yan wannan rukuni a 1993 a kan irin waɗannan ma'aunai ta ginu, kuma ba a yin su sai da madubin likita mai ƙara girma sau 400 zuwa 1000, bayan an shimfiɗa ƙwaron a kan gilashi.

Don haka aikin mai madubin USB shi ne ya shirya samfuri mai kyau ga wanda zai yi wancan aikin. Kada a fizge ɗan daga jikin fara, bakin yakan tsinke ya zauna a ciki, kuma bakin na cikin abin da masani zai duba. Ko dai a yanke guntun fiffiken da yake kai da reza a jefa su tare, ko a jira ya saki da kansa. A ɗauki hoto tukuna, domin sinadarin etanol da za a ajiye shi a ciki yana wanke jan launin cikin ɗan lokaci, ƙwaron ya koma fari-fari. A ajiye a etanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. In ana nufin gwajin ƙwayoyin gado, sai mai kashi 95 ko sama. A rubuta wuri, kwanan wata da irin farar da fensir a guntun takarda a jefa cikin kwalbar, don tawadar biro narkewa take. A ajiye farar ita ma, sunanta rabin bayanin ne.

A ɗakin gwaji akan jiƙa samfurin a sinadarin laktik asid har cikinsa ya washe, sannan a kwantar da shi a kan gilashi cikin wani haɗi da ake kira ruwan Hoyer. Abin sha'awa, ƙashin bayan wannan ruwa ƙaro ne, irin wanda ake tsinka a jikin dakwara: giram 30 na ƙaro, mililita 50 na tataccen ruwa, giram 200 na kuloral haidiret, mililita 20 na gilisarin. A busar da gilashin a zafin digiri 45 zuwa 50 na kamar mako guda, a toshe gefensa don kada laimar damina ta koma ciki. Kuloral haidiret magani ne mai sa barci da hukuma ke sa wa ido, ba abin haɗawa a gida ba ne.

Inda ya fi kuɗinsa: reno

Akwai wani giɓi babba a ilimin waɗannan halittu. Da yake ɗa da babba ba su kama da juna ko kaɗan, nau'o'i da yawa an san su ne ta ɗa kaɗai ko ta babba kaɗai, har akan ba abu ɗaya suna biyu. Hanyar haɗa su ita ce a reni ɗa har ya girma, ko a sa uwa ta yi ƙwai a ga abin da zai fito. Wannan aiki ba ya son tsadadden kaya, haƙuri yake so da ido, kuma madubin nan ya isa.

A samu ƙaramar kwalba mai murfi. A kwaɓa garin P.O.P. kashi 9 da garin gawayi mai laushi kashi 1, a zuba a gindinta kaurin santimita 1 zuwa 2, a bari ya bushe sarai. A ɗiga ruwa har ya yi duhu amma kada ruwa ya kwanta a sama. Gawayin yana nuna laima: in ya yi fari-fari ya bushe, a ƙara ɗigo biyu ko uku. A sa ƙosasshen ɗan da ya sauka da kansa, a rufe, a ajiye a inuwa. Wanda aka cire da ƙarfi kafin ya ƙoshi ba ya kai labari.

Bayan kwana kaɗan zai daina motsi, ƙafafunsa su miƙe su sandare. Nan ne mafi yawan masu gwadawa suke zubar da shi suna zaton ya mutu. Madubin ne ke raba gardama: mai rai jikinsa a cike yake, sumul, launinsa na nan, kuma in ana ɗaukar hoto kullum za a ga sabbin ƙafafu na bayyana a ƙarƙashin tsohuwar fata. Matacce yakan motse, ya yi duhu, farin zaren funfuna ya rufe shi. Abu biyu ke kashe su, bushewa da yawan ruwa, na biyun ya fi yawa. In raɓa ta taru a bangon kwalba, a buɗe a goge, don ɗigon ruwa guda ya isa ya kama ɗan ya nutsar da shi. In mai ƙafa 8 ya fito, a ɗauke tsohuwar fatar da ya bari da bakin allura a sa a etanol: duk gashin da masani ke nema yana jikinta, ga kuma mai ƙafa 8 ɗin a raye. Da haka an sami matakai biyu daga halitta ɗaya.

Laifuffukansa

Ƙafar da ake haɗowa da shi ita ce mafi raunin abin da ke kwalin. Gwiwarta takan saki, nauyin igiya kaɗai ya isa ya karkatar da madubin, kuma duk sanda aka taɓa zoben saiti abin da ake kallo ya gudu. A babban girma, kaurin wurin da ke fitowa tas bai kai milimita ba, don haka in bayan ɗan ƙwaro ya fito, ƙafafunsa sun dushe. Motsi kaɗan ya ɓata komai. In da hali a sayi wanda ke zuwa da tsayayyen sanda da faranti, mai dunƙulen murzawa sama da ƙasa. In babu, kafinta zai iya kafa sanda a kan katako mai nauyi a ɗaure madubin da maƙalar bututu, a riƙa matsar da samfurin maimakon madubin. Da irin wannan tsayayyen sanda ne kaɗai ake iya ɗaukar hotuna 10 ko 15 a zurfi daban-daban a haɗe su da manhaja irin Picolay ko CombineZP su zama hoto ɗaya mai kaifi daga sama har ƙasa.

Maɓallin hoton da ke jikinsa kada a taɓa shi, dannawar kanta girgiza ce. A ɗauka daga kwamfuta ko waya. Katin ma'aunin da ke kwali bugun inji ne, layukansa na da kauri, rular ƙarfe ta fi shi. Duk sanda aka murza zoben saiti ma'auni ya canza, don haka bayan hoton ƙwaro, ba tare da an taɓa zoben ba, a ɗauki hoton rula. Da hotunan biyu manhajar ImageJ, wadda kyauta ce, za ta ba da tsawo daidai gwargwado. Idon gilashin a can ciki yake, ƙura na shiga ta zauna ta zama baƙin tabo a kowane hoto. A hure ta da 'yar robar hura iska, ban da baki, ban da tsinke. A lokacin damina a ajiye shi a leda mai zif tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani.

Wa ya kamata ya saya

Malamin makaranta da ke son aji guda su ga abu ɗaya lokaci ɗaya, malamin gona mai ƙirgar abokan gabar fara a fili, da ɗalibin da zai yi reno yana ajiye hoton kowace rana, duk za su ci riba. Wanda aikinsa a tsakiyar gona yake, yana duba fara ɗari a yini, gilashin hannu mai ƙara girma sau 10, irin na masu duba zinariya, ya fi masa sauri, ba ya son caji, rana kuma ba ta hana shi gani kamar yadda take kashe fuskar waya. Mai son cire ƙwaro da allura yana kallo, madubi mai ido biyu na sau 20 zuwa 40 yake buƙata, saboda hoton USB yana ɗan makara a bayan hannu kuma ba ya nuna zurfi. Akwai madubin USB na ƙwararru irin Dino-Lite, masu kyamara mai kyau da matatar rage ƙyalli, amma kuɗinsu ya ninka na wannan sau da yawa, kuma su ma ba sa maye gurbin madubin likita wajen ƙirgar gashi.

In za a saya, a je da rula da wayar da za a yi aikin da ita. A jona, a buɗe bayanin hoton a ga ɗigo nawa ne na asali, a murza zoben a tabbatar yana tafiya sumul ba ya tsalle, a rage fitilu har ƙasa a ga ko suna raguwa a hankali ko ɗauke wa suke gaba ɗaya. A ƙarshe a kifa shi a kan wani jan ƙyalle mai gashi-gashi: in zaren ya fito ɗaya-ɗaya, zai nuna gashin ƙwaron damina, in ya fito jan fenti ko an rage haske, a nemi wani.